Garin da Na Haska a Bango

Ni malamar zane ce, kuma a makarantar da na koyar a unguwar Jekadafari cikin Gombe ma'anar wannan ita ce ni ake fara tunawa idan ana neman wanda za a ƙwace wa lokaci. Malamin lissafi bai gama ba, a ba shi lokacina. Za a share fili saboda baƙi, lokacina ne. Wani uba ya taɓa tare ni a bakin ƙofa yana tambaya ko zanen tulu da kofi zai kai ɗansa jami'a, na ba shi amsar da sai da hedimasta ya kira ni ofis a kanta. Bakina bai iya haƙuri ba tun ina yarinya, mahaifiyata ta yi faɗan har ta gaji ta zuba mini ido.

Sai ga kwamfutoci sun iso, tsofaffi ne wani ya ba makaranta kyauta, har da majigi mai haska hoto a bango da firinta mai ƙara kamar injin markaɗe. Aka ware musu ɗaki mai fanka da labule, ni da na yi shekaru ina roƙon kabad ɗin ajiye kala ban samu ba. Aka ɗauko malama sabuwa, 'yar wajen Kaltungo, Kirista ce, ƙanwar bayana ce a shekaru, yara suna kiranta Anti. Na ji haushinta tun kafin ta yi mini komai. Da hedimasta ya ce babu lokacin da zai ishe mu mu biyu, don haka a haɗa zane da kwamfuta a darasi ɗaya, na ce masa ashe yanzu har a cikin ajina ma 'yar rakiya zan zama.

Anti ba ta biye mini ba. Ta saka mini suna Malama Kala-kala, ta riƙa zuwa da ƙosai a leda tana ajiyewa a tsakaninmu, kuma ita ta kawo shawarar da ta sa na sauko. Ta ce yara su fara zana unguwarsu da hannu kamar yadda shirwa za ta gan ta daga sama, sannan mu buɗe hoton tauraron ɗan'adam mu haska a bango su gwada da abin da suka zana. Daga nan a buga wa kowa hoton unguwarsa a takarda, ya bi shi da kala.

Ban taɓa koyarwa mai daɗin wannan ba. Ranar da rufin makarantarmu ya bayyana a bango ajin ya kaure da ihu. Suka gano kwarin da ruwa ya ci a bayan unguwa, suka gano tashar Bolari da motoci jere kamar ƙwayar wake a faifai. Ni kuma na samu hanyar koya musu abin da na daɗe ina fama da shi, wato inuwa. Na fitar da su fili da safe suka zagaye inuwar bishiyar maina da alli, muka koma kafin a tashi suka ga ta tsere ta bar zanen. Na ce musu duk mai son zane ya fara duba inuwa, ita ke faɗin inda rana take. Lokacin da Anti ke bayanin yadda na'urar ke aiki kuwa, ina baya ina feƙe fensir. A ganina bayanin na yara ne, kuma ban shirya yarinya ta koya mini karatu a gaban ɗalibaina ba.

Shekarun nan ne na shinge. Daga gidanmu a Bolari zuwa makaranta sai ka sauka daga acaɓa ka taka da ƙafa ka wuce masu bincike, a bakin makaranta kuma maigadi ya zazzage jakar kowane yaro. An ƙara wa katangarmu tsawo aka sa mata waya mai ƙaya. Kusan kowane mako sai an kawo sabon ɗalibi daga Barno a tsakiyar zango, ba yunifom, ba littafi, wani ma Hausa ba ta zauna a bakinsa ba.

Cikinsu akwai wata yarinya a aji biyar, doguwa, siririya, ba ta magana sai an tambaye ta. Tana zaune a unguwar Hammadu Kafi tare da uwarta da kakanta na wajen uba. Hedimasta ya gaya mini a gefe cewa ubanta tela ne, a zauren gidansu yake ɗinki ba ya fita sai sallah, kuma a nan aka kashe shi ranar da suka gudu. Hannunta ya fi na kowa a ajin. Da na ce kowa ya zana unguwarsu, ba ta zana Hammadu Kafi ba. Ta zana garinsu: kasuwa, masallaci, wata babbar tsamiya, da gida ɗaya kusa da tsamiyar da ta bar rufinsa fari fat saboda kwanon sabo ne. Anti ta duba zanen ta ce mu bar nata zuwa ƙarshe, mu yi tunani tukuna. Na ɗauka tsoro ne irin nata.

Wata safiya Anti ba ta zo ba. Wani abu ya fashe a gari jiya da yamma, an rufe hanyar unguwarsu, babu mai fita. Yara rabin aji ne kawai suka zo, duk jikinsu a sanyaye. Hedimasta ya ce a bar darasin kwamfuta sai ta dawo, wannan maganar kuwa ita ta tunzura ni. Na karɓi makulli, na sa maigadi ya tayar da janareta, na danna abin da na ga tana dannawa. Ya kama. Ina cikin jin kaina sai idona ya faɗa kan yarinyar, na ce yau zan faranta wa wani rai. Na kira ta ta faɗa mini sunan garinsu harafi harafi.

Hoton ya yi ta juyawa, ya yi dishi-dishi, sannan ya washe. Ga garin nan cur. Kwanuka suna sheƙi, rumfunan kasuwa a cike, wata babbar mota tsaye a bakin kasuwar. Yarinyar ta tashi ba tare da na ce ta tashi ba, ta je jikin bango har hasken ya hau bayanta, ta sa yatsa ta bi hanya daga masallaci, ta karya kwana, ta tsaya a kan tsamiya. Kusa da ita ga farin rufi, daidai inda ta zana shi. Wani yaro ya tambaya ko yanzu haka garin yake. Na ce ƙwarai, tauraron yana sama yana kallon ko'ina dare da rana. Wallahi haka na ɗauka. Na ga makarantarmu a ciki, na ga tasha, me zai sa in yi shakka? Na buga mata hoton, ta zauna ta bi shi da kala a hankali, ta tafi da shi gida a naɗe cikin hijabinta.

Washegari maigadi ya leƙo ya ce wani tsoho yana nemana. Dogo ne, fari, tsufa ya ranƙwafar da shi kaɗan, da tsagen Barebari a fuska, da farar hula, rigarsa ta koɗe amma a wanke take tas. Kakan yarinyar ne, takardar tana hannunsa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce yana so ya gani da idonsa in ba zai takura mini ba. Na kai shi ɗakin, na ba shi kujerar Anti, na kunna masa.

Ya daɗe yana kallo. Daga baya ya fara nunawa da sandarsa, yana faɗa mini gidan wane ne wannan, rijiyar wa ce waccan. Ya ce tun da suka zo labari biyu suke ji, wasu su ce an ƙone garin ƙurmus, wasu su ce ɓangare ɗaya ne kawai, kuma babu yadda za a tantance saboda an katse layin waya a can. Ya ce ya bar gero a rumbu. Ya ce ɗansa maƙwabta ne suka rufe shi cikin gaggawa, shi ko kabarin bai gani ba. Sai ya sa kan sandar a kan motar da ke bakin kasuwa, ya ce in dai mota tana shiga to mutane sun koma. Ya juyo ya dube ni.

"'Yata, wannan hoton na yaushe ne?"

"Na yanzu ne, Baba."

"Kin tabbata?"

"Na'ura ba ta ƙarya, Baba."

Ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a mai tsawo, rabi Hausa rabi Barbarci, ya haɗa da iyayena da 'ya'yan da zan haifa. Na raka shi har bakin ƙofa. Ranar na koma gida ina jin babu malamar da ta kai ni a Gombe, har na ba mijina labari sau biyu.

Da Anti ta dawo ranar Alhamis ban bari ta ajiye jaka ba na fara ba ta labari. Ina magana fuskarta tana canzawa. Ta kunna kwamfutar, ta buɗe garin, ta sa farcenta a can ƙasan hoton inda wasu ƙananan lambobi suke, waɗanda ni na ɗauka ado ne. Kwanan watan da aka ɗauki hoton ne. An ɗauke shi tun kafin fitinar ta kai yankinsu. Na ce ba zai yiwu ba. Sai ta buɗe makarantarmu ta ce in nuna mata sabuwar katanga, in nuna mata rumfar maigadi da aka yi bara. Babu su. Na kalli hoton nan sau ba adadi ban lura ba, ni da nake koya wa yara su buɗe ido.

Abin da na fara yi shi ne faɗa. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce ta faɗa a aji tun darasin farko, ina baya ina feƙe fensir. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Sista, bar wannan. Ki tashi yanzu ki je ki gaya wa tsohon nan."

Na ce zan je in an tashi. Da aka tashi na ce rana ta yi zafi kuma shingen hanyar Hammadu Kafi yana da dogon layi, gobe ma rana ce. Juma'a na ce ai tsoho ne, ba shi da ƙarfi ba shi da hali, ina zai je? Yarinyar tana zaune a gabana a aji, da na ba ta saƙo ma ya isa, amma na ce irin wannan magana ba ta aike ba ce. Asabar muna da bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata, na sha lalle na sha anko. Duk dalilan nan na jera wa kaina su, kuma kowanne yana da ƙamshin gaskiya. Amma abin da ya riƙe ni guda ɗaya ne: kunyar in tsaya gaban mutumin da ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a in ce masa ban san abin da nake faɗa ba.

Ranar Litinin yarinyar ta zo da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ita ta fara yi mini magana. Ta ce Kaka ya tafi ya gyara musu gida, in ya gama zai dawo ya ɗauke su. Na ajiye allin da ke hannuna, na bar ajin ba tare da na nemi izinin kowa ba, na tari keke napep.

Ɗaki ɗaya suke haya a wani gida mai ɗakuna jere. Na samu uwar a bakin ƙofa cikin lafaya, tana ɗinkin hula. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kofi, ta yi mini godiya kan yadda nake kula da 'yarta. Ban iya shan ruwan ba. Na gaya mata komai tiryan-tiryan, har da ranar da na sani. Allurar ta ci gaba da shiga tana fita na ɗan lokaci, sannan ta tsaya. Ta ce ita dama hankalinta bai kwanta ba, ta roƙe shi, har rigarsa ta riƙe, maƙwabta ma sun sa baki, ya ce malama mai ilimi ta nuna masa da idonsa, su kuma jita-jita suke bi.

"Yaushe ya tafi?"

"Asabar da safe."

Na dubi lallen da ke hannuna, ko dushewa bai fara ba. Na jira ta zage ni, da ta zage ni da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ce Allah Ya riga Ya rubuta, sai ta roƙe ni abu ɗaya, kada in gaya wa yarinyar. Ta ce tun da suka zo Gombe ba ta ga tana cinye abincinta ba sai a kwanakin nan. Na yi mata alkawari, don a lokacin ko me ta nema zan ce to.

Daga ranar yarinyar ta riƙa zuwa ɗakin kwamfuta lokacin tara. Sauran yara suna waje suna sayen awara, ita tana tsaye a bakin ƙofa tana jira a kunna mata garinsu ta duba ko Kaka ya isa. Farar hularsa take nema a kan hanya. Anti ta ce ita ba za ta sa hannu a wannan ba, ta riƙa ɗaukar ƙosanta ta fita. Ni nake kunnawa. In zauna a gefe ina kallon ƙeyarta, ita tana bin lungu-lungu da yatsa, in ta ga wani farin ɗigo ta tambaye ni ko shi ne, in ce wataƙila. Abinci ya daina yi mini daɗi, a aji kuma na zama mai saurin hannu, yaron da ya zubar da kala ya sha faɗan da ba nasa ba.

Na bi tasha ina tambayar direbobin da ke bin hanyar gabas. Da ƙyar aka haɗa ni da wanda ya tuna tsohon. Ya ce ya sauke shi a gari na ƙarshe da mota ke iya kaiwa, mutanen wurin sun ce masa kada ya wuce, ya ciro wata takarda mai kala daga aljihu ya nuna musu, ya kama hanya da ƙafa. Wannan shi ne labarinsa na ƙarshe da ya zo mana, har na bar makarantar, har yau.

Yarinyar kuwa ido gare ta, kuma ni na wasa shi. Wata rana ba ta zo lokacin tara ba, sai bayan an tashi, rana ta karkata. Anti tana haɗa jakarta. Na kunna, yarinyar ta tsaya jikin bango, amma yau ba ta nemi hula ba. Ta ce motar bakin kasuwa ta lalace ne, kullum tana wuri ɗaya? Na ce mai yiwuwa. Sai ta ɗora yatsa a gindin tsamiya.

"Malama, kin ce inuwa tana tafiya. Wannan da safe tana nan, yanzu ma tana nan."

Na tuna alkawarin da na yi wa uwarta. Na kuma san in na ƙara faɗin wata ƙarya, zan karya abu ɗaya tak na gaskiya da na koya mata. Na ce ta zo ta zauna, ta ƙi. Na gaya mata a tsaye cewa hoton tsoho ne, an ɗauke shi da daɗewa, ni ban sani ba lokacin da na nuna mata, kuma da na sani ban yi saurin faɗa ba. Na ce babu wanda ya san yadda garin yake yanzu.

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "To Kaka ina ya tafi?"

Ana jin janareta yana ta ruri a waje. Anti ta ajiye jakarta ta dawo ta tsaya kusa da ni.

Yarinyar ta juya ga bango. Can ta tambayi Anti, ba ni ba, yaushe aka ɗauki hoton. Anti ta duba lambobin ta ce lokacin ba ta wuce aji ɗaya ko biyu ba, kuma da rana ne, ga gajartar inuwar. Na ga leɓɓan yarinyar suna motsi tana lissafi. Ta kai tafin hannunta ta ɗora a kan farin rufin nan, hasken ya hau bayan hannun.

"Ashe Babana yana ciki," ta ce. "Yana ɗinki."

Ta ce a ƙara girmansa. Anti ta karɓi abin dannawa. Ta yi ta ƙarawa har rufin ya cika bangon, ya watse ya koma dabbare-dabbaren fari da toka da ba a gane komai a ciki. Maigadi ya leƙo ya ce mai ya kusa ƙarewa, ya ga yarinyar a tsaye ba ta ɗauke hannunta ba, ya ja ƙofar a hankali ya koma.